Sai Masu Lafiya

Laure ta dangwali jan-baki ta goga wa Humaira a leɓe, don ya rufe shuɗin nan da ke fitowa in jikar tata ta yi 'yar tafiya. Saukarsu kenan daga motar Ɗanzomo, sun raɓe a bayan katangar asibiti a Gumel.

"In suka ce kina haki fa?"

"Ba na yi."

"Kina wasa?"

"Har tsallen igiya."

"Yauwa. Zunubin a wuyana."

Wasu likitoci ne suka zo da na'ura mai nuna zuciya, kyauta. Amma wai sai yaro mai lafiya. Ji fa! Shekara biyu Laure na yawo da yarinyar nan, kowa ya ce hoton zuciya sai Kano. Yau abu ya zo har gida, an ce marasa lafiya su koma. Da suka shiga, a gabanta aka juya wata mata da 'yarta mai kumburin ƙafa. Ƙattin yara kuwa sun cika benci suna shan rake, kowa zai tafi da sabulu.

Mai rubuta suna ya ɗago kai. "Iya, lafiyarta ƙalau?"

"Doki ce."

A ciki likita Naja'atu ta shafa wa Humaira wani abu a ƙirji, mai yauƙi kamar kuɓewar da ta kwana. Laure ta taɓe baki.

"'Yar nan, me kuke nema a zuciyar da ba ta yi muku komai ba?"

"Girmanta muke koyo, Iya. Zuciya murɗawa take kamar ana matse wanki. Ta jariri daban, ta budurwa daban. Sai mun san ta mai lafiya za mu gane mai ciwo."

"To, a yi karatu lafiya."

Can likita ta ƙura wa hoton ido. Ta matsar da na'urar, ta dawo da ita. Sai ta ɗauki auduga ta goge leɓen Humaira. Ta dubi audugar, ta dubi Laure. Laure kuwa ta tsura wa fanka ido.

"Iya, akwai huji a zuciyar yarinyar nan. Dole mu cire ta daga bincikenmu."

"Ayya. Na ɓata muku aiki. Yana gyaruwa?"

"Ana gyarawa." Likita ta rubuta takarda, ta haɗa mata da hoton. "Ku kai wa wannan likitan a Kano. Kar ku wuce Talata."

A ƙofa mai rubuta suna ya sosa ƙeya. "Ki yi haƙuri, Iya, wanda aka cire ba shi da sabulu."

"Ka ba masu lafiya, ɗan nan. Su ke da dauɗa."

Ta ƙulle takardar a gefen zani. Matar ɗazu na nan gindin darbejiya, 'yarta a cinya. Laure ta zauna kusa da ita, ta dubi ƙafar yarinyar.

"Kina da safa? Sa mata. Matso in gaya miki abin da za ki ce."