Falwayar Bayan Gidan Malam Kyari

Ilu ɗan gidan magina ne a Mandawari, amma ya bar kwaɓa ƙasa ya shiga aikin lantarki. Daɗin aikin ba ya ɓuya: ga kaki, ga keke, ga albashin da ba ruwansa da rani ko damina. Har tsofaffin da a da suke aikensa sayen goro suka koma ce masa Malam Ilu, shi kuwa gogan yana amsawa yana wani gyara hula.

Matsalar ita ce falwaya ta fi katanga tsawo. Duk wanda ya hau, tsakar gidajen mutane a fili take gare shi. Don haka Ilu ya riƙe al'adar magina. Kafin ya taka tsani sai ya ɗaga murya sau uku, "Za a hau sama!" sannan ya dakata mata su shige ɗaki. Da wannan ya tsira da mutuncinsa a unguwa, musamman a wurin Malam Kyari, dattijon da ya koya masa karatu, wanda Ilu yake jin kunyarsa fiye da ta mahaifinsa.

Ran nan da hantsi waya ta tsinke a bayan gidan Malam. Helumansu, wato shugaban aikinsu Isyaku, mutumin da ba ya minti biyu bai duba agogo ba, ya ce, "Kai Ilu, yau ba lokacin wannan shelar taka. Hau kawai!"

Ya hau. Yana isa sama idonsa ya faɗa cikin gidan. Ga Malam Kyari, ba rawani ba babbar riga, a durƙushe yana wankin zannuwa. A gefe matarsa Inna Kaltume tana kwance kan tabarma, ta rame ƙwarai. Malam ya ɗago kai, suka haɗa ido.

Yadda Ilu ya ɗaura wayar nan, shi kansa bai sani ba. Kwana uku yana zagayewa ta wani lungu don kunya. A na huɗu ya kasa daurewa, bayan la'asar ya shiga zauren Malam ya zube.

"Allah gafarta Malam, na yi laifi. Na hau ban yi magana ba."

Malam ya dube shi ya ce, "Ka gaya wa wani?"

"Wallahi ko matata Mero ban gaya wa ba."

"Wata biyar ke nan ɓarin jikin Kaltume ya shanye. 'Ya'ya ba su tsaya mana ba, ita kuma ta roƙe ni kada kowa ya gan ta a haka."

Tausayi ya kama Ilu.

Malam ya ce, "To, je ka gaya wa Meron. Ka ce ta riƙa leƙowa da safe. Wanki na iya, Ilu, tuwo ma ina taɓawa. Kitso ne ya gagare ni, ita kuwa kullum sai ta shafa kanta ta yi kuka."