Kundin Da Na Kai Bayan Rumfa

"Kwana uku kawai, Haladu. Ka fito da shi, in ta gama a mayar."

"Alhaji, wannan ba ya fita. Ko malamai a ciki suke karantawa."

"Buhun masara ɗaya, sabuwar girbi."

Ya dubi ƙasa, ya dubi hanyar Kano. "Da wake kwano biyar."

"Na sallama."

A bakin rumfata muka ƙulla wannan, a kasuwar Gwarzo, ranar Juma'a bayan an sauko. Haladu mutumin Madadi ne, shi ke jera littattafai a laburaren kwalejin da 'yata Ummu Hani take karatu. Ni kuwa dillalin hatsi ne, shekara talatin da wani abu. A sana'armu in kaya mai kyau ya sauka, kuma kana da mai saye, bayan rumfa kake kai shi kafin idon wani ya faɗa kai. Ba a kiran wannan sata. Iya ciniki ne.

Ummu Hani tana shekarar ƙarshe, tana binciken kammalawa a kan noman rani a Gammo. Da ta zo gida Kutama na ji tana gaya wa uwarta cewa akwai wani tsohon kundi, wani ɗalibi ya rubuta tun kafin a haife ta, ya bi rijiyoyin Gammo ɗaya bayan ɗaya ya ƙirga. Kwafi ɗaya ne tak. Sai ka sa hannu a rajista a ba ka awa biyu, kuma akwai wata Zinnira 'yar Kabo da ita ma kullum tana kansa. Ina jin haka na ce a raina, masu saye biyu, kaya ɗaya. Wannan ai aikina ne.

Ran Talata Haladu ya kawo shi a leda baƙa. Na ɗaga, bai kai nauyin rabin kwano ba, koren bangonsa duk ya koɗe. Na sa a ƙarƙashin katifa ina jiran ta zo Asabar in miƙa mata in ga fara'arta.

Ba ta zo ba. Waya ta yi, murya a shaƙe.

"Baba, kundin ya ɓata. Ni ce ta ƙarshe da ta sa hannu. Sun karɓe katina, sun liƙa sunana a allon sanarwa. Sun ce ba za a karɓi aikina ba sai ya fito, kuma Alhamis ake rufewa."

"To wa zai ɗauka?" Da bakina na faɗi haka.

"Allah ya isa tsakanina da shi, ko waye."

Na ce amin.

Na kira Haladu, ya ce ba zai iya mayarwa ba, yanzu har aljihu ake lalubawa a ƙofa, shiga da fita. Na yi kwana huɗu ina juya abin kamar mai neman tsakuwa a shinkafa, ina neman hanyar da kundin zai koma ba tare da fuskata ba. Babu. Kwana huɗun nan su suka ci yarinyar.

Alhamis da hantsi na sa babbar riga na hau mota. Shugabar laburaren, Hajiya Halima Sa'adiya, mace ce mai tabarau, a shekaru ba ta kai ƙanwata ba. Muka gaisa, ya gida, ya aiki, ya hanya. Na ajiye ledar a teburinta. Ummu Hani na tsaye a gefe, an kirawo ta.

"A ina aka tsinta, Baba?"

"Ba tsinta ba ce, Hajiya. A ɗakina ya kwana tara."

"Wa ya fitar muku?"

Haladu na can bakin kanta yana goge littafin da ba ƙura a kansa. Na ce, "Dillali ba ya faɗin mai kaya."

"Nan ba kasuwa ba ce."

"Na gani. A yi mana ragi dai, yarinyar ba ta san komai ba."

"Ragi kuma? Baba, ɗalibai shida suka zo nemansa a kwanakin nan. Su kuma, wa zai yi musu ragi?"

Na ce ni dai na ga 'yar Kabo tana neman ta riga 'yata ne. Sai a lokacin Ummu Hani ta yi magana, ba ta ɗago kai ba.

"Baba, Zinnira ce ta gano kundin ta nuna min. Ita shafukan kasuwa take karantawa, ni na rijiyoyi. In awata ta ƙare ita ke ba ni tata."

Na sha zagi a kasuwa, na sha a kira ni macuci a gaban jama'a in yi dariya. Amma a ɗakin nan mai fanka, inda kowa ke magana ƙasa-ƙasa, na rasa inda zan sa hannuwana. Hajiya ta ce in rubuta bayani. Na ce sai dai da ajami. Ta tura wa Ummu Hani takardar, ina faɗa tana rubutawa, har inda na ce ni na sa a sato. Ta tsaya a kalmar, ta dube ni, sannan ta rubuta.

An cire sunanta a allo ran Litinin. An riga an rufe karɓar aiki.

To ga yadda cinikin ya tashi. Haladu yana nan a bakin aikinsa, har yana gaishe ni a hanya. Zinnira ta miƙa nata a kan lokaci, ta fita da 'yan ajinsu. Ummu Hani ta ƙara zango guda a makaranta kan laifin da ba nata ba. Ni kuwa har yau tana durƙusawa ta gaishe ni yadda ta saba, amma in suna hirar makaranta da uwarta na shigo, sai su koma maganar miya.