Hatimin Malam Ibuki

Daƙiƙa huɗu kacal faifan ya yi yana juyawa, Kuwabara ya kashe na'urar. Abin da ya ji ba kiɗa ba ne, wata ƙara ce irin ta ƙofar da ta yi tsatsa. Ya goge bakin na'urar da farin ƙyalle, ƙyallen ya fito da wani abu ruwan ƙasa mai danƙo. Shekara ashirin da shida yana tsaron siton kamfanin fim ɗin, ya san ma'anar wannan: danshin damina ya shiga zaren faifan, kiɗan yana ɓarewa daga jikinsa.

Kuma ba kowane faifai ba ne. Kiɗan fim ɗin Kwale-kwalen Gishiri ne, minti tamanin cif, wanda duniya ba ta taɓa jin fiye da minti ashirin ɗinsa ba. Tun shekarar da fim ɗin ya fito, kamfani da Malam Ibuki, wanda ya tsara kiɗan, ba sa ga-maciji. An cire masa kiɗan ƙarshe ba da saninsa ba, aka sa waƙar wata mawaƙiya da ke tashe a lokacin. Kamfani ya ce faifan nasa ne. Malam ya ce abin da ke cikin faifan nasa ne. Alƙali kuwa ya ce kada a kwafa sai da hatimin ɓangarorin biyu.

Kuwabara ya hau bene wurin Manaja Hosoda, ya nuna masa ƙyallen.

"Sai an gasa shi, yallaɓai. Kwana biyu a ɗan zafi kaɗan, zaren ya kama jikinsa, a kwafe nan take. In damina ta wuce a haka, shi ke nan."

Manaja ya ja tsaki, ya rubuta takarda: a kwafa don adanawa, ba don sayarwa ba. Ya danna hatimin kamfani a kai.

"Ga namu. Na tsohon kuwa, lauyoyi uku muka tura masa, ko shayi bai ba su ba. Kai za ka je?"

"Zan gwada, yallaɓai."

"To ka tafi da lema biyu. An ce yana jifa da silifas."

A bakin ƙofar kamfanin masoya kiɗan suna tsaye cikin rigunan leda, kamar yadda suke yi kowace Asabar, da alluna masu cewa a saki kiɗan dukkansa. Mai tattara sa hannun mutane 'yar Kuwabara ce, Chizuru. Shekararta ashirin da huɗu, ba a ma haife ta ba lokacin da fim ɗin ya fito, amma ta tara suna dubu goma sha ɗaya. Kuwabara ya daɗe yana damuwa da ita. Sa'o'inta na zancen aure da ƙarin girma a wurin aiki, ita tana tsaye cikin ruwan sama saboda kiɗan da ba ta taɓa ji ba.

"Baba! Ka sake barin abincinka a kan tebur." Ta cusa masa ƙunshin a hannu. "Karɓi ka wuce, kada a ce ka shiga 'yan tawaye."

"Ƙafarki ta jiƙe. Mura za ki yi."

"Tun ina firamare nake shirin yin murar nan." Ta matso, ta rage murya. "Faifan yana nan lafiya ko?"

"Yana nan," in ji shi. Bai yarda sun haɗa ido ba.

Bas ya yi kusan awa guda yana hawan tudu zuwa arewacin Kyoto. Kuwabara ya yi ta maimaita gaisuwar da zai yi, yana mantawa, yana farowa. Ko abincin bai buɗe ba.

Malam Ibuki da kansa ya zo ƙofa, tsoho ɗan firit mai gira kamar tsintsiya. Kuwabara ya rusuna, ya miƙa katinsa da hannu biyu. Tsohon ya karanta.

"Mai tsaron sito? Lauyoyin sun ƙare ke nan? Gobe kuma sai mai shara." Ya juya ciki. "Shigo, ɗan kamfani, kana jiƙa mini dakali."

Suka durƙusa a tabarma, ƙaramin tebur a tsakaninsu. Gaisuwar da Kuwabara ya haddace ta gudu. Sai kawai ya ciro ƙyallen daga aljihu, ya shimfiɗa shi a kan tebur.

"Mene ne wannan? Ka goge takalminka ne?"

"Kiɗanka ne, Malam. Daƙiƙa huɗu na farko. Da safen nan suka ɓare a hannuna."

Tsohon ya sa yatsa ya taɓa danƙon, ya kai hanci ya sansana. Kuwabara ya bayyana masa zancen danshi da zancen gashi, yana in'ina.

"Gasawa? Kamar dankali?" Malam ya yi wata busasshiyar dariya. "Shekara talatin suna cin gumina ɗanye, yau kuma gasasshe suke so. Ka san abin da suka yi mini? Wata uku ina rubuta ƙarshen nan. Na je kallo da matata, muka zauna a gaba, sai ga wata yarinya tana ihu a kan soyayya. Matata ta mutu ba ta ji shi ba. Gara ya ruɓe."

"Gaskiyarka, Malam."

"Kada ka ce mini gaskiyata! Kai me ka sani game da kiɗa?"

"Ban san komai ba," in ji Kuwabara. "Ni ƙura na sani, da danshi, da ɓera. Kafin yau ban taɓa sauraren faifan nan ba, gudun kada in ɓata shi. 'Yata ce ta sani. Ita ce mai tsayuwa a ƙofarmu da takardun sa hannu."

"Mai aiko mini wasiƙa duk wata? Mai rubutu kamar tafiyar kaza?"

"Ita ce. Nawa ta gado."

"Tana cewa ta gano akwai sarewa a kiɗa na goma sha bakwai, wai ta ji wutsiyarsa a ƙarƙashin ƙarar ruwa. Ko daraktan bai lura ba." Tsohon ya dubi ƙyallen. "Ta san da wannan?"

"Ɗazu ta tambaye ni ko faifan yana lafiya. Na ce yana nan." Kuwabara ya ɗago ya dube shi. "Malam, ba sayarwa na zo roƙo ba. Ku ci gaba da rigimarku shekara ɗari in kuna so. Amma in ya ruɓe, a kan me za ku yi rigimar? Kuma ni me zan gaya mata a teburin cin abinci?"

Ruwa na ta ɗiga daga indararo. Malam ya tashi da ƙyar, ya shiga ɗaki. Kuwabara ya zaci silifas ɗin ne za su biyo baya. Sai ga tsohon da ƙaramin akwatin hatimi da jan tawada.

"Kawo takardar."

Kuwabara ya ajiye ta, zai juya ta ta fuskanci Malam, tsohon ya buge masa hannu.

"Bar ta yadda take."

Ya hura wa hatimin iska, ya danna shi kusa da na kamfani, ya daɗe bai ɗaga ba. Da ya ɗaga, Kuwabara ya ga sunan a kife, kai a ƙasa.

"Ka san ma'anarsa, ɗan kamfani?"

"Na sani, Malam. Ka yarda, amma ranka bai so ba."

"To ka gaya musu haka. Kuma ranar da ya gasu, ba wanda zai fara ji sai ni. Ka zo da mai rubutun kazar nan, ta nuna mini sarewar, in da gaske take."

A tashar bas Kuwabara ya kira Manaja.

"A kife?" in ji Manaja. "Alƙali bai ce ta ina zai fuskanta ba. Dawo ka kunna wutarka."

Tawadar ba ta gama bushewa ba, don haka bai ninke takardar ba, ya riƙe ta a buɗe a ƙarƙashin lema. Iska ta so ta fizge ta, ya cafke, ta juye a hannunsa. Sai a lokacin ya gan ta yadda tsohon ya gan ta daga wancan gefen tebur: sunan Ibuki a tsaye ƙyam, na kamfani kai a ƙasa.

Ya yi dariya shi kaɗai har wata tsohuwa ta matsa daga kusa da shi. Da bas ya zo, haka ya shiga da takardar, bai gyara mata zama ba.