Sunan da Kaltumi Ba Ta Faɗa

Rahamatu ce ɗiyar farin Kaltumi, kuma a ƙasar Tawa mace mai kunya ba ta kama sunan ɗan fari. Ba ta yabonsa, ba ta zama hira da shi. "Ke," ko "yarinyar nan," iyakar abin da Rahamatu ta taɓa ji daga bakin uwarta ke nan.

Bayan tafiyar Nasara aka kafa sabuwar lakwal, wato makarantar boko, a unguwarsu, rumfar zana ce kawai. Wasu na ɓoye 'ya'yansu cikin rumbu kada a rubuta su, Kaltumi kuwa ita ta matsa wa mijinta sai da ya kai yarinyar kafin ya tafi cin rani. To ga shi yau Mushe Alƙasum, malamin ajin, ya yi sallama ƙofar gida.

"Uwar Rahamatu, ɗiyarki ba ta buɗe baki cikin aji. Ran Asabar darakta zai saurari karatun yara. Wanda ya kasa, a ba wani wurinsa, don yara sun yi yawa."

"To," in ji Kaltumi daga bayan danga. Me za ta ce? Zancen ɗiyar fari ne. Amma ranta ya ɓaci ƙwarai, don ta san yarinyar ta iya. Da kunnenta ta sha jinta a bayan rumbu tana karanta wa akuya Faransanci, a hankali kamar mai satar magana. Da babba ya gifta sai ta yi tsit.

Ta fara tura surukarta Azumi ta saurare ta. Tsohuwa kuwa sai wasan jika: "Kai, ji ƙwalama! Wannan gwalan-gwalan ɗin ne karatu?" Rahamatu ta rufe littafi, ta fashe da kuka.

Washegari da hantsi Kaltumi ta jawo turmi har gindin rumbu inda Rahamatu ke yi wa akuya karatu, ta juya baya, ta kama daka. Karatu ya tsaya. Ba ta waiwaya ba, ta ce, "Ke akuya, gaya wa mai littafin nan ta ɗaga murya. Taɓarya ta hana ni ji."

Can sai ga 'yar murya tana rawa.

"Akuya, tambaye ta, mi aka ce a wurin?"

"Wai wani yaro ne rakuminsa ya ɓace."

"Ashsha! To ya gane shi? Akuya, ce mata ta ci gaba, ni dai sai na ji ƙarshen rakumin nan."

Haka suka yi ta yi kullum. Kaltumi ba ta jin ko kalma ɗaya ta Faransanci, amma gero ya daku har ya wuce misali, murya kuma ta yi ta ƙarfi har maƙwabta na jiyowa.

Ran Asabar mata suka taru bayan zanar lakwal suna leƙe, har da Azumi. Aka kira Rahamatu. Ta miƙe da littafi, ta dubi darakta da gilashinsa, bakinta ya mutu. Darakta ya jira, ya gaji, ya ɗaga hannu zai ce ta zauna.

Kaltumi ta matso jikin zana. Babu akuya a nan. Wallahi ba za a kori yarinyar nan ba!

"Rahamatu!" ta ce da ƙarfi. "Karanta, ɗiyata, ina ji!"

Mata suka kama baki. Azumi ta ce, "La'ila! Kaltumi, kin zubar da kunya a titi!"

Rahamatu ta waiwayo, ta rasa mai kiranta, don ba ta taɓa jin sunanta da wannan murya ba. Sai ta hango idon uwarta ta kafar zana. Ta gyara tsayuwa, ta karanta shafin har ƙasa, ta juya na gaba ba wanda ya sa ta. Darakta ya ce wurinta na nan.

Da suka koma gida Azumi na ta faɗa, Kaltumi ta ba ta haƙuri, ta zauna tankaɗe. Rahamatu ta fito da littafi, ta wuce akuya, ta zo ta zauna gaban uwarta.

"Inna," ta ce, "sake faɗi."