Lallen Hannun Dama

Kambun yana cikin akwatina, ƙarƙashin zannuwan da na daina ɗaurawa. Duk sa'ad da na buɗe neman wani abu sai ƙamshin humra ya buge ni, kuma humrar ba tawa ba ce. Na wanke shi, na shanya shi a rana, amma kamar ƙara masa nake yi.

Ƙungiyar matan unguwarmu ta Ƙofar Dumi ce ta shirya gasar sarauniyar kwalliya bayan Ƙaramar Sallah, ta 'yan mata zalla. Da yake kowace alƙaliya tana da 'ya ko 'yar ƙanwa a ciki, kuma an san halin mutanenmu da son kai, sai aka ce kowa ta fito a lulluɓe kamar amarya. Lalle za a duba, da ɗaurin zane, da tafiya. Wadda ta ci, a yi mata buɗar kai a gaban jama'a. Hajja A'i aka ɗora wa wannan aikin, tsohuwar ungozomar da rabinmu a hannunta muka faɗo duniya.

Ni Sadiya na sa rai, ba zan ɓoye ba. Shi ya sa na tafi wurin Ni'ima zanen lalle. Sunansa na yanka Izzuddeen ne, tare muka yi makarantar allo. Maza na ce masa ɗan daudu, suna tofar da yawu in ya wuce, matansu kuwa na zagayawa ta bayan gida su cika ɗan shagonsa. Mu Ni'ima muke cewa, da wasa. Shi ban taɓa ganin ya ɗauke shi wasa ba.

"Ke Sadiya, wannan tafiya ce ko korar awaki?" in ji shi ranar, yana riƙe da hannuna. "Sauke kafaɗa. Ƙasa ba gudu za ta yi ba."

Ya zana mini wani reshe mai ganye ƙanana, daga wuyan hannu har yatsa. Ya ce bai taɓa yi wa kowa irinsa ba.

Ranar gasa zauren taron ya cika maƙil, kowace mace da wayarta a ɗage tana ɗauka. Na yi tafiyata, aka yi guɗa, na ce shi ke nan tuwona maina. Sai wata ta fito cikin mayafi ruwan toka. Ba a yi mata guɗa ba. Shiru aka yi, har kana jin ƙarar fanka. Tafiya take kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono cike, ba ta son ɗigo ya zuba. Kishi ya turnuƙe ni, na ce wannan 'yar gidan uban waye?

Da ta zo ta tsaya kusa da ni na saci kallon hannayenta. Reshena ne a hannunta na hagu, ganye da ganye, ya ma fi nawa kyau. Na dama kuwa layin ya karkace, ganyen sun yi rawa. Duk macen da ta taɓa yi wa kanta lalle ta san wannan: dama ce ke zana hagu, in aka zo kan dama sai hagu ta yi abin da za ta iya. Wannan ba ta je wurin kowa ba, ita ta zana abinta. Ni'ima ne.

Raina ya fara ɓaci kafin tsoro ya zo. Wanda ya koya mana tafiya, shi zai shigo ya kayar da mu da ita? Ina adalci a nan? Sai na dubi wayoyin nan. Kafin la'asar hoton zai zagaye Bauchi har Miri, kuma na san abin da samarin lungunmu za su iya.

Alƙalai ba su yi gardama ba, mai ruwan toka suka zaɓa. Aka ɗora mata kambu a kan mayafin. Hajja A'i ta taso tana jan ƙafa, ta kama bakin mayafin, ta cusa kanta ciki yadda ake leƙa amarya kafin a nuna wa dangi. Ta daɗe a ciki. Mata suka fara tsokana, "Hajja, ko kin samu miji ne?"

Ta fito, ta gyara mayafin ya rufe har ƙirji, ta cire kambun.

"Wannan matar aure ce," in ji ta. "Gasar ta 'yan mata ce. Kuma ba ni ce zan buɗe fuskar matar wani a gaban waya ba."

Aka yi caa, ana Allah wadai da marar kunya. Hajja ta riƙe hannun nan na dama ta raka ta har ƙofar baya da kanta. Ni aka buɗe, ni aka yi wa guɗa. Kambun da ɗuminsa aka sa mini.

Washegari shagon Ni'ima na kulle, kuma har yau a kulle yake. Wasu sun ce ya tafi Jos, wasu sun ce Ikko. Wata ta rantse ta ga mayafi ruwan toka a kan acaɓa, hanyar Zungur. Ni ma ina ganinsa, a kasuwa, a gidan biki, in na matsa sai in tarar wata ce. Zanen hannuna ya goge, jan farcen ya yi ta hawa har ya rage ɗan siriri a baki. Na yi makonni na kasa yanke shi.

Bara da Hajja ta kwanta ciwo na je gaishe ta. Da ɗakin ya rage mu biyu na ce, "Hajja, na ga hannun nan."



"Ni na yanke cibiyar nan," ta ce. "Ina leƙawa na gane. Na ce, 'Rufa wa kanka asiri, ɗan nan.' Kin san amsar da aka ba ni? 'Hajja, ɗaga. Na san abin da zai biyo baya. Ki bari su gan ni sau ɗaya.'"

Ta juya fuskarta bango.

"Kwallin nan, Sadiya, ban taɓa ganin wadda ya yi wa kyau haka ba. Ni kaɗai na gani."