Kofi Ɗaya Daga Rijiyar Mai Ɗinki

A ƙungiyarmu ba ma rubuta wasa kafin mu fita. Abin da 'yan kallo suka miƙo, da shi muke wasa, kuma ba a cewa a'a. Ni ce mai rubuta duk abin da aka faɗa, don mu sa shi cikin ƙarar da za mu kai kamfanin fenti.

Wata Asabar muka tara mutane a ƙofar kamfanin. Yayana Dogo ya saka kwat ya zama manaja, yana turo tumbi.

"Ruwan unguwar nan ya fi zuma!" in ji shi. Aka fashe da dariya.

Sai wata mai ɗinki ta ratso taron da kofin roba. Na san ta, watan jiya ta binne 'yarta. Ruwan kofin shuɗi-shuɗi ne, yana wari.

"Daga rijiyata ne, Manaja. Bismillah."

Wurin ya yi tsit.

"Yaya, ajiye!" na ce. "Wasa ne fa!"

"Ke dai rubuta, Auta. In na ƙi, wa zai ƙara kawo mana gaskiya?"

Ya shanye tas.

Yau kwanansa tara a asibiti. Likita ya ce maƙogwaron ya ƙone, da wuya muryar ta dawo. Ɗazu ya fizge littafina, ya rubuta layi ɗaya: "Asabar ke za ki saka kwat ɗin."