Ba a Godiyar Reshe

Ran da malamin gona ya duba wardin Odessa Pruitt, bai ɓoye mata komai ba. Ya ce tohon nan ja da ya cunkushe kamar tsintsiya cuta ce marar magani, sai a tone shi har saiwa a ƙone. Da hannunta ta ƙone shi a bayan gida, ta ɗora wa hayaƙi laifin hawayenta.

Wardin Mama ne. Furensa kan buɗe ruwan ɗorawa, kashegari ya koma ruwan hoda, kafin ya zube ya yi ja wur. Gidan Mama tuni an rushe shi an yi wurin ajiye motoci. Ɗan wardin ɗaya ya rage a duniya, a ƙofar gidan Verlene, ƙanwar Odessa, can gabashin Texas inda aka haife su, kuma Odessa ce ta yanka mata reshen.

Shekara tara ke nan ba sa ga-maciji. Odessa ta yi jinyar Mama shekara shida, wanka, juyi, kwasar kashi da fitsari, ita kuwa Verlene sai ran Lahadi bayan coci take leƙowa da kek ɗin kanti da sabon gyaran gashi. Har aka binne Mama kalmar godiya ba ta fito daga bakin Verlene ba. Abin nan ya tsaya wa Odessa a rai, ya ƙi wucewa.

Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta ɗauki mota ta tafi.

Ta tarar da Verlene a baranda tana shan shayi mai ƙanƙara. Ga wardin nan ya kai taga, launi uku reras, alhali ba taki ba aski. Takaici ya kama Odessa.

"Ikon Allah! Yaya, ɓatan hanya kika yi?"

"Reshe na zo karɓa. Nawa ya mutu."

"Ya mutu? A hannunki? Ke da kika fi kowa iya jinya?"

Verlene ta ɗauko almakashi ta yanko rassa uku, ta naɗe su a jiƙaƙƙiyar jarida. Kowa a garinsu ya san ba a gode wa wanda ya ba ka reshe, in ka gode ba zai kama ba. Mama ma takan toshe wa mutum baki da tafin hannu kafin ya furta.

"Kin dai san doka, kar ki gode," in ji Verlene tana miƙa mata. "Ni ban taɓa gode miki ba, ga shi kin ga yadda ya yi kyau." Ta ƙyalƙyale da dariya.

Odessa ta karɓa, ta dube ta ido cikin ido.

"Na gode, Verlene. Na gode ƙwarai da gaske."

Dariyar ta ɗauke. "Yaya, don me kika yi haka? Na Mama ne fa!"

Duk da haka da ta koma gida ta soka rassan a inuwa, ta kifa musu kwalba kamar yadda Mama ta koya musu, kullum tana ba su ruwa. Cikin mako uku suka yi baƙi ƙirin. Ba ta yi mamaki ba. Abin da ya fi ci mata rai shi ne, wardin Mama yana can yana fure a ƙofar Verlene, kuma a tsakaninsu biyu, ita ce dai ta ce na gode.